Darasi Ga 'Yan Kasuwa: Tsohon Furosesan Laftof Da Sabon Furosesan Kwamfutar Tebur

Duk wanda ya shiga kasuwar kwamfuta ta Ikeja da ke Legas, wadda aka fi sani da Computer Village, ko kuma Banex Plaza a Abuja, da niyyar sayen na'ura mai ƙwaƙwalwa domin ofis ko shago, abu na farko da mai sayarwa zai faɗa masa shi ne sunan furosesan da ke cikinta. Zai ji ana cewa wannan Core i5 ce, waccan kuwa Core i7 ce, kuma galibi a kan wannan suna ake yanke farashi. Tun daga watan Yunin 2023, lokacin da aka saki Naira ta nemar wa kanta daraja a kasuwar canji, kayan da ake shigo da su daga waje suka yi tsada ƙwarai, jama'a da dama suka karkata ga kwamfutocin tokumbo, musamman na tafi-da-gidanka, wato laftof.

Babu aibi a cikin neman sauƙi. Sai dai akwai wani ruɗani da yake cin jarin mutane, wanda ya kamata a warware shi. Sunan Core i5 ya fara fitowa ne a 2009, kuma kamfanin Intel ya ci gaba da sanya shi a kan furosesoshi daban-daban har tsawon shekaru fiye da goma. Ke nan abubuwa biyu suna iya amsa suna ɗaya alhali tazarar da ke tsakaninsu ta fi tazarar da ke tsakanin keke da babur. A wannan darasi za mu ɗauki guda biyu na haƙiƙa mu auna su, domin mai karatu ya san abin da yake biyan kuɗi a kansa.

Mene Ne Furosesa?

Furosesa wani ɗan falle ne na sinadarin silikon da aka dasa a tsakiyar kwamfuta, kuma shi ne yake aiwatar da kowane umarni: haɗa lissafi, buɗe takarda, tace hoto, aika saƙo. A cikinsa akwai ƙananan makunnai da ake kira taransista. Furosesan farko da Intel ya kai kasuwa a 1971, mai suna 4004, yana da taransista 2,300. Na Pentium da ya fito a 1993 yana da miliyan 3.1. Na wannan zamani kuwa ana ƙirga nasu ne da biliyoyi. Abin da ya ba da damar haka shi ne masana'antu sun yi ta ƙanƙanta taransistan daga zubi zuwa zubi, kuma duk lokacin da ya ƙanƙance sai a sami wurin zuba wasu, a kuma rage wutar da kowanne yake sha.

Abokan Gwajinmu Biyu

Na farko shi ne Core i5-2520M. Ya fito a farkon 2011, kuma yana cikin zubi na 2 na jerin Core. Shi ne ake samu a cikin laftof da yawa na ofis irin su Lenovo ThinkPad T420 da Dell Latitude E6420 da HP EliteBook 8460p, waɗanda manyan kamfanonin Turai da Amurka suka yi aiki da su suka sallama, daga baya suka biyo jirgin ruwa zuwa kasuwanninmu. Yana da cibiyoyin aiki 2, saurin bugunsa gigahaz 2.5, yana iya hawa zuwa 3.2 idan aiki ya taso. An tsara shi a kan wat 35.

Na biyu shi ne Core i5-12400, na kwamfutar kan tebur. Ya fito a watan Janairun 2022, yana cikin zubi na 12. Yana da cibiyoyin aiki 6, saurin bugunsa gigahaz 2.5, yana iya hawa zuwa 4.4. An tsara shi a kan wat 65, amma a lokacin aiki mai nauyi yana iya jan har wat 117. Ba shi ne na ƙarshen fitowa ba, domin a 2024 Intel ya fitar da jerin Core Ultra 200S, kamfanin AMD kuma ya fitar da Ryzen 9000. Mun zaɓe shi ne saboda matsakaici ne, irin wanda ƙaramin ofis zai iya saye.

Mai karatu zai lura cewa dukkansu biyu sunansu Core i5, kuma dukkansu an rubuta musu gigahaz 2.5. Wanda ya tsaya a kan waɗannan biyu kaɗai zai ɗauka ƙarfinsu ɗaya ne. Amma a gwaje-gwajen auna sauri da aka saba amfani da su, irin su PassMark, na 2022 yana yin wajen ninki takwas na aikin na 2011 idan aka sa duk cibiyoyin aiki a lokaci guda. Ko da cibiya ɗaya aka gwada da ɗaya, sabon ya fi ninki biyu. Ga dalilan da suka jawo haka.

Gigahaz Ba Shi Ne Ma'auni Ba

Gigahaz ɗaya yana nufin bugu biliyan ɗaya a cikin daƙiƙa guda. Wannan adadi yana gaya mana sau nawa furosesa yake motsawa, amma bai gaya mana yawan aikin da yake kammalawa a kowane motsi ba. Alal misali, a ɗauki 'yan dako biyu da suke sauke kaya daga tirela. Kowannensu yana yin sawu talatin a cikin sa'a, to amma ɗaya buhu guda yake ɗauka a kowane sawu, ɗayan kuwa yana tura baro mai buhu biyu. Yawan sawunsu ɗaya ne, aikinsu ya bambanta. Haka abin yake a nan. A cikin shekaru goma sha ɗaya da ke tsakanin furosesoshin nan biyu, injiniyoyi sun yi ta gyara fasalin ciki yadda sabon zai aiwatar da umarni masu yawa a bugu guda.

Tarihi ma ya tabbatar da haka. Tun a ƙarshen 2004 Pentium 4 ya kai gigahaz 3.8, amma zafin da yake fitarwa da wutar da yake sha suka sa kamfanin ya bar wannan hanya. A 2006 aka fito da Core 2 Duo mai ƙarancin gigahaz, ya kuma fi Pentium 4 aiki nesa ba kusa ba. Tun daga wancan lokaci, kwatanta gigahaz ba ya da amfani sai a tsakanin furosesoshi 'yan zubi ɗaya.

Yawan Cibiyoyi Da Ma'ajiyar Kusa

Cibiyar aiki, wadda 'yan kasuwar kwamfuta suke kira kor, tamkar ma'aikaci ɗaya ne a cikin furosesa. Na 2011 yana da ma'aikata 2, kowanne yana iya riƙe layin aiki biyu, jimla 4. Na 2022 yana da ma'aikata 6 da layukan aiki 12. Amfanin wannan yana bayyana ne a lokacin da akawu ya buɗe babban jadawalin lissafi, ga shafukan intanet goma, ga taron bidiyo da abokin ciniki, ga manhajar kariya tana bincike a bayan fage. Mai ma'aikata biyu sai ya riƙa jera ayyukan a layi, linzamin kwamfuta ya tsaya cik, mai aiki ya zauna yana jira.

Bugu da ƙari, a cikin kowane furosesa akwai wata 'yar ma'ajiya mai matuƙar sauri da ake kira kash. Misalinta kamar kayan da ɗan kasuwa ya jera a kanta ne, waɗanda yake miƙa wa mai saye nan take ba tare da ya aika yaro sito ba. Tsohon yana da megabait 3 na wannan ma'ajiya, sabon yana da 18, wato ninki shida. Haka zalika hanyar zuwa siton kanta ta faɗaɗa. Tsohon yana aiki da ram nau'in DDR3 mai saurin 1333, kuma ba ya ɗaukar fiye da gigabait 16. Sabon yana aiki da DDR4 mai saurin 3200 ko DDR5 mai saurin 4800, kuma an fitar da shi da ikon ɗaukar gigabait 128.

Zafi Da Ƙura

Akwai bambanci na asali tsakanin furosesan laftof da na tebur, ko da a shekara ɗaya aka ƙera su. Na laftof yana zaune ne a cikin matsattsen wuri, da 'yar ƙaramar fanka, kuma dole ya yi tattalin batiri. Na tebur yana da akwati mai faɗi da babbar fanka, yana kuma shan wuta kai tsaye daga bango. Don haka na tebur yana iya daɗewa a kan babban saurinsa, na laftof kuwa da zarar ya ɗumama sai ya sassauta.

Furosesoshin nan biyu an ƙayyade musu iyakar zafi ta digiri 100 a ma'aunin Salsiyos, kuma idan suka kai wannan iyaka sukan rage gudu da kansu don kada su ƙone. Laftof da ta shekara fiye da goma tana saurin kaiwa can, domin man da ake shafawa tsakanin furosesa da ƙarfen sanyaya shi ya bushe, ƙura kuma ta toshe mafitar iska. A ƙasa mai zafi irin tamu, ga kuma ƙurar hunturu, wannan matsala tana ƙaruwa. Saboda haka saurin da aka rubuta a jikin tsohuwar laftof ba lallai ne mai ita ya same shi ba, sai idan an buɗe ta an share, an sake shafa sabon mai.

Batun Tsaro, Wanda Ya Fi Sauri Muhimmanci

Ɗan kasuwa yana iya haƙuri da jinkiri, amma ba zai iya haƙuri da asarar bayanansa ba. Kamfanin Microsoft ya daina bai wa Windows 10 tallafin da ya saba bayarwa a ranar 14 ga Oktoba, 2025. Ya buɗe wani shiri na ƙarin kariya na ɗan lokaci, inda ya sanya wa kamfanoni Dala 61 a kan kowace na'ura a shekarar farko, kuɗin yana ninkawa a kowace shekara, kuma shirin ba ya wuce shekaru uku. Windows 11 kuwa, wanda ya fito a watan Oktoban 2021, in ban da 'yan ƙalilan, ba ya amincewa da furosesan Intel da ya gaza zubi na 8, ko na AMD da ya gaza jerin Ryzen 2000. Yana kuma buƙatar wani ɗan makullin tsaro mai suna TPM 2.0. Core i5-2520M bai cika sharaɗin ba, Core i5-12400 ya cika.

Masu gyara sun san dabarar tsallake wannan shinge su ɗora Windows 11 a kan tsohuwar na'ura, kuma mai saye zai iya ganin ta tana aiki lafiya a shago. To amma Microsoft ya bayyana cewa irin wannan na'ura ba ta da tabbacin samun sabuntawa. Wanda yake shiga asusun bankinsa, yake ajiye sunayen masu bashi da takardun haraji a kan kwamfutar da ba a toshe ɓarakarta, ya bar ƙofar shagonsa a buɗe ne. Abin da ya faru a watan Mayun 2017 ya isa ishara, lokacin da muguwar manhajar nan ta WannaCry ta kulle bayanan kwamfutocin da ba a sabunta kariyarsu ba a ƙasashe kusan 150, har da na asibitocin gwamnati a Ingila, masu ita suka nemi a biya su kuɗin fansa.

Akwai mafita ɗaya ga tsohuwar na'ura, wato a ɗora mata Linux, kamar Ubuntu ko Linux Mint, waɗanda kyauta ne kuma ana ci gaba da sabunta su. Sai dai yawancin manhajojin lissafin kuɗi da aka saba da su a ofisoshi don Windows aka rubuta su, saboda haka sai mutum ya bincika tukuna kafin ya sauya.

Inda Tsohuwar Laftof Ta Yi Fice

Adalci ne a faɗi inda tsohon ya fi. Na farko shi ne kuɗin saye. Laftof tana zuwa da allonta da madanninta da batirinta a haɗe, mai sayen kwamfutar tebur kuwa sai ya sayi kowanne daban. Na biyu shi ne wutar lantarki. Idan aka ɗauke wuta, laftof mai lafiyayyen batiri tana ci gaba da aiki, ta tebur kuwa tana mutuwa nan take tare da duk abin da ba a adana ba, sai fa idan an haɗa ta da batirin ko-ta-kwana da ake kira UPS, wanda shi ma kuɗi ne, kuma batirinsa yana buƙatar sauyi bayan 'yan shekaru.

Bari mu yi lissafi na misali. Mu ƙaddara laftof tana jan wat 30 a aikin ofis, kwamfutar tebur da allonta suna jan wat 100, kuma ana kunna kowacce sa'o'i 10 a rana, kwanaki 26 a wata. Laftof za ta sha yunit 7.8 a wata, ta tebur za ta sha yunit 26. A watan Afrilun 2024 Hukumar Kula da Harkokin Wutar Lantarki ta Ƙasa, NERC, ta sanya wa masu rukunin Band A Naira 225 a kan kowane yunit, kafin a ɗan rage daga baya. A kan wancan farashi, laftof za ta ci Naira 1,755 a wata, ta tebur Naira 5,850. Bambancin Naira 4,095 ba zai karya ofis mai kwamfuta ɗaya ba. Amma ga mai cibiyar kwamfuta mai na'urori ashirin, ya haura Naira 80,000 a wata. Ga wanda ya dogara da janareta tun bayan cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, ko wanda yake auna girman sola da inbata da zai saya, kowane wat yana da farashinsa.

Na uku, ba kowane jinkiri ne laifin furosesa ba. Yawancin laftof na 2011 sun zo ne da faifan ajiya mai juyawa, wanda da ƙyar yake wuce megabait 100 a daƙiƙa. Idan aka cire shi aka sa SSD, wanda yake kai wajen 500 a kan irin wannan na'ura, aka kuma ƙara ram zuwa gigabait 8, sai a ga ta farfaɗo, tana buɗewa cikin daƙiƙoƙi. Wannan gyara ba ya ƙara wa furosesa ƙarfi, ba ya kuma warware matsalar Windows 11, amma yana isar mai buga wasiƙa da rasit.

Daɗin daɗawa, akwai batun gobe. Furosesan tebur a cikin gurbi yake zaune, ana iya cire shi a sa wani. Gurbin LGA1700 da Core i5-12400 yake amfani da shi yana karɓar zubi na 12 da na 13 da na 14, muddin an sabunta manhajar babban allon. Furosesoshin laftof kuwa, tun daga wajen 2015 liƙe su ake yi da dalma a jikin allo, ba sa ciruwa.

Yadda Ake Karanta Lambar

Sirrin duka yana cikin lambar da ke bin sunan. A furosesan Intel mai lamba huɗu irin 2520M ko 6600U ko 8250U, lambar farko ita ce zubi: na 2, na 6, na 8. Daga zubi na 10 zuwa sama, lambobi biyu na farko ake dubawa, kamar 12 a cikin 12400. Harafin ƙarshe kuma yana da ma'ana. M da U da H na laftof ne: U mai tattalin wuta ne, H mai ƙarfi ne. A na tebur, T mai tattalin wuta ne, F kuwa ba shi da sashen nuna hoto, sai an saya masa katin hoto daban, abin da yake ƙara kuɗi.

Da wannan sani za a gane cewa Core i7 ba kullum ya fi Core i5 ko Core i3 ba. Core i7-6600U na 2015 da Core i7-7500U na 2016 cibiyoyi 2 kacal suke da su, kuma ba sa cikin waɗanda Windows 11 ya amince da su. Core i5-8250U na 2017 yana da cibiyoyi 4, ya kuma cika sharaɗin. Core i3-12100 na tebur, wanda ya fito a 2022, yana da cibiyoyi 4, kuma ya fi waɗancan i7 biyu aiki da tazara mai yawa. Wanda ya ƙara kuɗi don kawai ya ga tambarin i7 a jikin laftof ɗin 2016, suna ya saya.

Kada kuma a dogara da tambarin da aka manna a jikin na'ura, domin ana iya ɓare shi a manna wani. A kunna ta a gaban mai sayarwa, a danna Ctrl da Shift da Esc a tare, a shiga sashen Performance, a zaɓi CPU. Nan za a ga cikakken suna da lamba da yawan cibiyoyi. A cire caja a ga ko batiri yana riƙe wuta, a bar ta tana aiki na ɗan lokaci a saurari ƙarar fanka, sannan a nemi a rubuta cikakkiyar lambar furosesan a kan rasit tare da wa'adin garanti.

Wa Ya Dace Da Wanne?

Mai ƙaramin shago da buƙatarsa ba ta wuce rubuta rasit da jera lissafin kaya ba, idan yana da tsohuwar laftof a hannu, ba sai ya yar da ita ba. Ya sa mata SSD, ya share ƙurarta, ya riƙa kwafe bayanansa a wani wuri daban, ya kuma guji yin hulɗar banki a kanta. Amma idan yanzu zai fitar da kuɗi ya saya, bai kamata ya sauka ƙasa da zubi na 8 ba. Laftof irin su ThinkPad T480 da Latitude 7490 da EliteBook 840 G5 sun zo da wannan zubi, kuma ana samun su a tokumbo.

Mai maɗaba'a, da mai zanen gini, da mai tace bidiyo, da ofishin akawu mai manyan jadawalai, su ne waɗanda sabon furosesan tebur zai mayar wa kuɗinsu, domin a wurinsu lokacin jira asara ce da ake biyan albashi a kanta. Aikin tace bidiyo da zai ɗauki tsohuwar laftof yini guda, sabuwar kwamfutar tebur tana iya gama shi kafin a tashi cin abincin rana. Su sanya kuɗin UPS a cikin kasafinsu tun farko.

Akwai kuma hanya ta tsakiya ga mai son ƙarfin tebur ba tare da yawan shan wuta ba, wato ƙananan kwamfutocin ofis irin su Dell OptiPlex Micro da HP EliteDesk Mini da Lenovo ThinkCentre Tiny. Waɗanda suka zo da Core i5-8500T na 2018 suna da cibiyoyi 6, an tsara su a kan wat 35, daidai da tsohon furosesan laftof da muka fara da shi, kuma suna karɓar Windows 11.

Hausawa sun ce sayen nagari mayar da kuɗi gida. A kasuwar kwamfuta, nagari shi ne wanda ya dace da aikin mai shi da wutar da yake samu, wanda kuma zai ci gaba da samun kariya har ya fanshe kuɗinsa. Kafin a fara ciniki, a tambayi cikakkiyar lamba, a gano zubi da shekarar fitowa, a ƙirga cibiyoyi, sannan a yi maganar farashi.